Sharhi: Abin Da Babu Shi A Rumfunan Littattafai Na Kasuwar Litinin

Duk ɗan Arewa mai fataucin busasshen kifi ko wake tsakanin Barno da Kurmi ya san Kasuwar Litinin ta Maiduguri. Kasuwa ce mai taurin rai. Ta sha bama-bamai a 2014 da 2015, wuta ta cinye ta ranar 26 ga Fabrairu, wayewar garin zaɓen 2023, ruwan madatsar Alau ya shanye ta a watan Satumba 2024, amma kullum sai ta sake miƙewa. A wajen masu sayar da littattafanta mutum zai sami Ahalari da Ishmawi da Risala, ya sami littattafan boko, da na koyon girki da zaman aure. Sai dai uban da ya wayi gari aka kawo masa labarin cewa ɗansa yana neman maza, ko uwar da aka ce mata 'yarta tana maɗigo, ko sun zaga kasuwar nan kaf ba za su sami ko da warƙa ɗaya da Hausa ko Barbarci wadda za ta nuna masu abin da za su yi ba.

Mai karatu zai ce, to ina ruwan mazaunin Ikko ko Badun da wannan? Ruwansa kuwa babba ne. Yaron da aka kora daga gida a Maiduguri ko Kano ko Gusau ba ya tsayawa a garinsu, saboda kunya. Motar shanu yake bi ya sauka a Agege, ko Idi-Araba, ko Mil Tuwal, ko Sabon Badun, inda zai faɗo hannun 'yan uwansa 'yan Arewa. Abin ba sabo ba ne. Tun zamanin da, 'yan daudu suna tuyar kaji da sayar da abinci a tashoshi da zangunan Kurmi, har wani Ba'amurke mai suna Rudolf Gaudio ya zauna da su a Kano ya wallafa littafi a kansu a 2009. Ba kowane ɗan daudu ne ɗan luwaɗi ba, haka kuma ba kowane mai wannan hali ne ke daudanci ba, amma jama'a kan yi masu kuɗin goro.

Dalilin farko da ya sa babu irin wannan littafi shi ne doka. Tun dokar Final Kod ta 1960 akwai ɗaurin da ya kai shekara 14 a kan luwaɗi. Daga 1999 zuwa gaba jihohi 12 na Arewa, har da Barno, suka ɗauki shari'ar Musulunci, inda hukuncin yake iya kaiwa ga kisa. Sa'an nan a watan Janairu 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi, wadda ta yanke shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga wanda ya kafa ƙungiyar irin waɗannan mutane, ko ya shiga, ko ya tallafa mata. Wannan sashe na ƙarshe shi ya rufe bakin kowa, domin malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da mai ɗab'i kowa yana tsoron kada a fassara nasiharsa da cewa tallafi ne.

Dalili na biyu shi ne makaranta. Tun farkon shekarun 2000 akwai darasin zaman iyali da cutar ƙanjamau a tsarin karatun ƙasa, amma a watan Nuwamba 2022 Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umurnin a cire koyar da al'amuran jima'i daga karatun yara, a bar wa iyaye da malaman addini. A watan Oktoba 2023 kuma aka yi ta cece-kuce a kan littafin Queen Primer, har hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta Jihar Kano ta hana sayar da shi, saboda kalmar "gay" da ke ciki, alhali kuwa littafin tun zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila yake, lokacin da kalmar ke nufin mai fara'a. Watau an miƙa wa iyaye aikin, amma ba a ba su kayan aiki ba.

To me wannan shiru ya haifar? Na farko, cuta. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna masu ƙwayar ƙanjamau tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49 ba su kai mutum 2 cikin 100 ba, amma binciken gwamnati na 2014 ya sami kusan 23 cikin 100 a tsakanin maza masu neman maza. Wani binciken da aka yi a Abuja, aka buga a 2015, ya nuna masu tsoron zuwa asibiti a cikinsu sun tashi daga 25 cikin 100 kafin dokar zuwa 38 bayanta. Da yawa daga cikin samarin nan kuwa iyaye kan gaggauta yi masu aure don a rufa asiri, saboda haka cutar da aka ƙi kai wa likita takan ƙare a kan 'yar wani da jaririnta.

Na biyu, gidan mari. Uban da ya rasa inda zai sa kansa yakan kai ɗansa wurin da aka ce ana gyaran hali. A watan Satumba 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa, da yawa kuma suka ce an yi lalata da su a can ciki. Ba a daɗe ba aka sami irinsa a Daura. An kai su ne saboda laifuffuka iri-iri, amma darasin ɗaya ne: wurin da ba a duba shi yana iya zama mafi muni daga abin da aka guda.

Na uku, 'yan damfara. A Kurmi akwai abin da ake kira "kito", watau a yaudari yaro ta waya, a kama shi, a yi masa duka, a ɗauki hotonsa, sa'an nan a buga wa danginsa a ce su aiko da kuɗi ko a tona asiri. Wanda aka yi wa ba ya iya kai ƙara. Su ma kamen da ake yi ba su cika ƙarewa da hukunci ba. A watan Agusta 2018 an kama mutum 57 a Egbeda ta Ikko, aka nuna su a talabijin, aka gurfanar da 47, amma a watan Oktoba 2020 kotun tarayya ta kori ƙarar don masu gabatar da ita sun ƙi maida hankali. Kafin nan waɗansunsu sun rasa aiki da gida da dangi.

A Amurka, inda aka fi rubuce-rubuce a kan wannan, iyaye ne suka fara. A 1973 wata malamar makaranta mai suna Jeanne Manford, wadda aka yi wa ɗanta duka, ta tara iyaye irinta a birnin New York, abin da ya zama ƙungiyar PFLAG. Daga baya wata mai bincike a jami'ar jiha ta San Francisco, Caitlin Ryan, ta buga sakamako a 2009 cewa matasan da gidajensu suka tsananta ƙinsu sun fi sauran yunƙurin kashe kansu fiye da sau 8, sun kuma fi su shan ƙwaya fiye da sau 3. Ƙananan littattafan da ta shirya, har da na gidaje masu riƙon addini, ba su ce wa uba ya bar aƙidarsa ba. Cewa suke yi kada ya doke shi, kada ya kore shi, kada ya hana shi zama da dangi, kada ya bari wani ya wulaƙanta shi.

A nan gida ma ba a rasa rubutu ba, sai dai da Turanci ne. A 2018 kamfanin Cassava Republic ya buga She Called Me Woman, labarin mata 'yan Nijeriya da bakinsu, ciki har da Musulmi 'yan Arewa. Ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi wa ƙungiyar TIERs ta Ikko ta nuna a 2015 mutum 11 cikin 100 ne suka ce za su ci gaba da riƙe ɗan'uwa mai wannan hali, a 2019 suka kai 30. Amma mai sayar da hula a Kasuwar Litinin bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Malamai da iyaye suna da hujjarsu: addini ya haramta aikin ƙarara, suna kuma tsoron kada a shigo da baƙuwar al'ada da sunan ilmi. Ba za a ce tsoron ba shi da tushe a wurinsu ba, littafin da aka rubuta don San Francisco kuwa ba zai zauna a Maiduguri yadda yake ba. Sai dai littattafan fiƙihun da ke jere a kasuwar nan su ne kuma suka hana bin diddigin asirin mutane, suka hana ƙazafi, suka gindaya shaidu huɗu, suka bar hukunci a hannun alƙali maimakon taron gari, suka bambanta abin da ke cikin zuciya da abin da aka aikata, suka kuma tsananta a kan yanke zumunta. Waɗannan ba a cika jinsu a kan mumbari ba idan ana wannan zance.

Saboda haka akwai abin da za a iya yi ba tare da an karya doka ko an saɓa wa addini ba. Jihar Barno tana da dokar kare yara tun 2022, Maiduguri kuma tana da asibitin koyarwa da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya. Likitocin nan da malaman gari suna iya haɗa 'yar takarda mai shafi kaɗan, da boko da ajami, wadda za ta gaya wa uba inda ake gwajin jini cikin sirri, da alamun yaron da ke shirin hallaka kansa, da yadda zai gane idan wani babba ne ke lalata da ɗansa, domin wannan fyaɗe ne kuma yaron ba shi da laifi. Sarakunan Hausawa da limaman zango a Kurmi su ma suna da nasu: idan irin yaron nan ya sauka a hannunsu, su hana a taɓa shi, su nemi iyayensa cikin rufin asiri. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kuma ba iyaye haƙurin riƙonsu.