Mai Tuwon Kasuwa Ta Cancanci Famfo

Ranar kasuwar Talatar Mafara, direban Bakura da manomin Maradun benci ɗaya suke zama gaban mai tuwo, tana yanko musu malmalar tuwon shinkafar Bakalori, tana kwarara miyar kuka. Da wannan tukunya take ciyar da gidanta, amma ruwan wanke kwano sai ta saya wurin ɗan garuwa. A Singafo, tun shekarun 1970 gwamnati ta gina wa masu abincin titi rumfuna masu famfo, har UNESCO ta karrama al'adarsu a 2020. Ƙananan hukumominmu da ke karɓar harajin kasuwa, haƙƙi ne a kansu su kai wa mata masu tuwo famfo da magudanar ruwa.