Gadon Da Ya Kare Kaka, Ya Kwantar Da Jika

A Magarya na ga wata 'yar'uwarmu da ƙafafunta suka saki, ganinta ya dushe, ta warware, bayan wata shida ciwon ya dawo. Dangi suka yanke hukuncin iska ce, aka sayar da buhunan shinkafa wajen neman magani, ba a kai ta asibiti ba. Ni ba likita ba ne, amma akwai cuta mai irin wannan ɗabi'a da ake kira MS, inda garkuwar jiki kan juya ta cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka.

Masana sun gano cewa wani nau'in ƙwayar gado, HLA-DRB1*15:01, yana ninka haɗarin kamuwa da ita kusan sau 3. A 2024 binciken da aka buga a mujallar Nature ya nuna makiyayan Yamnaya ne suka shigar da shi arewacin Turai kimanin shekara 5,000 da suka wuce, kuma ga alama kare su ya yi daga cututtukan dabbobinsu. Kowane allazi da nasa amanu.

Mu ma muna da namu. Kusan kashi 1 cikin 4 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da ƙwayar sikila: wanda ya gada daga gefe guda takan kare shi daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, wanda ya gada daga uwa da uba kuwa ya kamu da amosanin jini. A 1991 an gano a Gambiya cewa nau'in HLA-B53 ma yana ba da irin wannan kariya. Duk wanda ya kwana a fadamar Wurno ko bakin madatsar Goronyo ya san darajarta.

Abin takaici, galibin binciken ƙwayoyin gado a kan Turawa aka yi shi. Ana cewa MS ba ta da yawa a ƙasarmu, to amma wa ya auna mutanen Rabah? A ganina wajibi ne Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta su shiga wannan fage, gwamnati ta sauƙaƙa kuɗin hoton MRI, mu kuma 'yan boko mu daina kawar da kai idan an jingina wa aljanu ciwon dangi. A yi addu'a, a kuma kai mara lafiya Sakkwato. Allah ya sa mu dace.