Littafin da Ke Ƙarƙashin Matashin Kai

A wannan karo hankalinmu ya koma kan littattafan binciken kisan kai, waɗanda 'ya'yanmu 'yan makaranta ke saya a hannun masu kasa tsofaffin littattafai a bakin titi, su shigo da su Briqueterie, su ɓoye ƙarƙashin matashin kai.

Daga cikin fitattunsu akwai Le Silence des agneaux, fassarar littafin da Ba'amurke Thomas Harris ya wallafa a 1988, aka mai da shi fim a 1991. Jarumarsa, Clarice Starling, budurwa ce mai koyon aiki a hukumar bincike ta FBI, aka sa ta farautar wani mutum mai sace mata yana kashe su ɗaya bayan ɗaya. Ba mu ɓoye muku ba, akwai shafukan da ke tayar da tsikar jiki, kuma bai dace da ƙananan yara ba ko kaɗan.

Amma mu dubi yadda ta gano shi. Ba ƙarfin damtse ya kai ta ba. Ta koma garin yarinyar da aka fara kashewa, ta shiga ɗakinta, ta saurari ƙawarta, har ta fahimci cewa makashin ba baƙo ba ne, ya daɗe yana ganin yarinyar.

Wannan darasi bai yi mana nisa ba. Daga ƙarshen 2012 zuwa farkon 2013 an yi ta tsintar gawarwakin 'yan mata a unguwar Mimboman, nan cikin Yawunde, har fita bayan magariba ta gagari mata. Wanda ya ga wancan tashin hankali ba zai ce labarin Turawa ne kawai ba.

Don haka shawararmu ita ce: kada mu fizge littafin mu jefa a murhu, domin gobe za a aro wani. Mu karanta shi tukuna, mu auna shi da shekarun mai karatu, sa'an nan mu zauna da ita. Wa ke ɗaukarta a babur? Wa ke yawan tare ta a hanyar makaranta? Yarinyar da ta saba hira da uwarta kan littafi ba za ta ji nauyin faɗin abin da ya tsorata ta a titi ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Allah ya tsare mana zuriya, amin.