Darasin Intanet Mataimaki Ne, Ba Ya Maye Gurbin Malami

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ta ƙarato, sai masu sayar da darussa ta intanet su cika wa iyayen yara kunne da talla, kowa yana cewa nasa ne maganin faɗuwa. Iyaye da yawa, har da 'yan'uwanmu masu ƙaramin ƙarfi a Agege da Sabon Ibadan, suna matse bakin aljihu su biya. To, shin kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa mutane suke karɓar darussa daga Ingila ta gidan waya. Marigayi Cif Obafemi Awolowo ma ta wannan hanya ya sami digirinsa na farko na Jami'ar Landan. Amma sai mu tuna, takardar ba ita ta yi masa karatun ba, himmarsa ce.

Ba mu musun amfanin darussan zamani. Tun 1978 ake yin jarrabawar JAMB, amma daga 2015 ta koma kan kwamfuta ɗungurungum, kuma a 2024 WAEC ta soma bin sahu ga ɗalibai masu zaman kansu. Yaron da bai taɓa amsa tambaya a gaban na'ura ba, agogo yana ƙirga masa lokaci, ya shiga da rauni tun kafin a fara. Darasin intanet yana ba shi wannan sabo, yana kawo masa tambayoyin shekarun baya, kuma yana iya maimaita bayanin lissafi sau goma ba wanda zai tsawata masa.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Waya ba za ta koya wa yaro riƙe kwalbar gwaji a jarrabawar kimiyya ta aikin hannu ba. Bidiyo ba zai zauna da shi ya gyara masa insha'i ba. Ga rashin wutar lantarki, ga kuɗin data da aka ƙara da kashi 50 cikin 100 a 2025. Mafi muni, akwai maciya amana da ke fakewa da sunan darasi suna sayar da amsoshin sata, alhali wanda aka kama sakamakonsa ne za a soke.

Saboda haka muna kira ga iyaye, kafin su biya ko kwabo, su nemi shawarar malamin yaron, su tabbata darasin yana bin manhajar jarrabawar, su kuma riƙa leƙa abin da yaron yake kallo. Gwamnatocin jihohi kuwa, ya kamata su buɗe ɗakunan kwamfuta na makarantu da maraice domin 'ya'yan talakawa, su kuma cike guraben malaman kimiyya da lissafi. In ba a yi haka ba, ɗan mai hali zai yi gaba, a bar ɗan talaka da kallon talla.