Addu'a ba ta yashe kwata



Na san wannan rubutu zai jawo mini zagi, amma gara a zage ni da in yi shiru. A taronmu na watan jiya an kawo shawarar a ciri kuɗi daga asusun ƙungiya a tara malamai su yi sauka, a yanka raguna, don neman tsari daga kwalara. Da na ce mu fara yashe kwatar bayan masallaci mu gyara famfon burtsatse, sai wani dattijo ya ce, "Malam Sakatare, boko ya ɓata ka." Wani matashi kuma ya ce maganata ta yi kusa da kafirci.

Ina salla, ina addu'a kamar kowa. Amma kwalara ƙwayar cuta ce, tana shiga ciki ta ruwa ko abincin da bayan gida ya taɓa, kuma tana iya kashe mutum cikin 'yan sa'o'i saboda ruwan jikinsa ya ƙare. Mun gan ta a nan Legas a damina ta 2024. A layinmu an yi ta ɗura wa wani yaro rubutu kwana biyu yana amai da gudawa, sai da ya galabaita aka nufi asibiti, a hanya ya cika. Ruwa mai tsabta lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, da sun riƙe shi har ya ga likita. A zaman makoki kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, babu wanda ya tambayi wanda ya karɓi kuɗin rubutun.

Muna yi wa maƙwabtanmu dariya idan fasto ya sayar musu da ruwa ko mai ya ce zai warkar da kansa. To, mene ne bambancinsa da namu mai allo da ke yanka farashi? Kasuwa ɗaya suke ci, kuma talaka mai tsoro shi ne hajarsu.

Abin da ya fi damuna shi ne saurin kafirta mai tambaya, domin daga nan tsattsauran ra'ayi ke tsirowa. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna bayan an yi ta yaɗa cewa an sa masa maganin hana haihuwa, wasu har a kan mumbari. Ba a dawo da shi ba sai 2004. Sakamakon haka cutar ta bazu, ta tsallaka har Sudan da Yaman da Indunusiya. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Sai a 2020 aka tabbatar an kawar da asalin cutar daga Afirka, kuma ɗigon maganin nan da aka tsine wa shi ya yi aikin. Yaran da suka shanye a tsakani suna nan suna jan ƙafa, masu wa'azin kuwa ko haƙuri ba su ba su ba.

Dattawanmu sun tuna Maitatsine. Da wa'azi ya fara, yana tsine wa mai agogo da mai rediyo, mutane na cewa ai malami ne, a ƙyale shi. A Disamban 1980 sama da mutum 4,000 suka mutu a Kano. Duk wanda ya koya wa yaro cewa tambaya saɓo ce, ya gama shirya shi don irin wannan ranar.

Ga shawarata. Wanda ke son sauka ya yi a gidansa da kuɗinsa, Allah ya karɓa. Kuɗin asusu kuwa gumin 'yan dako ne da masu acaba da masu tura baro, a sa shi a kwata da famfo da sabulu a banɗakin masallaci. Iyayenmu ma cewa suke, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Ranar Lahadi bayan la'asar za a kaɗa ƙuri'a. Wanda bai yarda da ni ba ya zo da hujja, zan saurare shi har ƙarshe. Allah ya sa mu dace.

Sakataren ƙungiya