Wa Ya Ci Kofin Bara Waccan?

Hutun da ya wuce na je gida Jiga Makera, sai gardama ta kaure a teburin mai shayi bayan sallar isha'i. Ba ta siyasa ba ce, ba kuma ta farashin albasa ba, duk da cewa a ƙasar Aliero da wuya a yi zaman minti goma ba a taɓo albasa ba. A kan wata gasar ƙwallon yara ce da aka sa mana lokacin ina aji biyu a ƙaramar sakandare. Ni dai na san mun kai wasan ƙarshe, na san an tashi kunnen doki an je bugun fanareti, kuma na san mu muka ci, don ni ne a raga, har yau tabon yana gwiwata. Amma wani abokina da ya buga wa ɗaya ɓangaren ya rantse ya maya cewa su suka ɗauka. Aka ce a kawo kofin, ba wanda ya san inda yake. Wani ya ce yana gidan wanda ya sa gasar, wani ya ce ya taɓa ganin irinsa a shagon aski ana tara tsofaffin reza a ciki. Hoto fa? Wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da mutuwa. Mai shayi ne ya raba mu, ya ce, "Ku duka kun ci. Ku biya ni kuɗɗina in tahi gida."

An yi dariya an watse, amma ni abin ya tsaya mini a rai. Ko shekara goma ba a yi ba, 'yan wasa ashirin da biyu suna raye, 'yan kallo suna raye, amma an rasa yadda za a tabbatar da wanda ya ci.

Kafin ka yi wa ƙauyenmu dariya, ɗan uwa, tsaya ka amsa mini wannan. Wane sashe ne ya ci gasar ƙwallon sassa ta makarantar nan bara? Wataƙila ka sani, musamman in naku ne. To bara waccan fa? Shekara biyar baya fa? Wa ya fi cin ƙwallaye? Wace ɗaliba ce ta zo ta ɗaya a gudu? In ka je ofishin ƙungiyar ɗalibai ka yi wannan tambaya, za a turo ka wajen wani ɗan HND II mai dogon tunani, shi kuma nan da 'yan watanni zai tattara kayansa ya tafi hidimar ƙasa da tarihin namu a kansa.

Abin da ya ƙara tunzura ni na rubuta wannan shi ne wani suna da na ci karo da shi ina 'yan karance-karance a waya: Rumun Ndur. A Zariya aka haife shi a 1975, ya tashi a Kanada, kuma shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta duniya. Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallon gora ce ake yi a kan daɓen ƙanƙara, da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, ana korar wani ɗan baƙin faifan roba da sanda mai lanƙwasa, mutum shida-shida har da mai tsaron gida. Na sani, mu da ƙanƙara sai ta sayarwa a watan azumi. Ba ina cewa a kawo mana wasan Jega ba ne. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne, mutumin da aka haifa a Zariya shekaru kusan hamsin da suka wuce, cikin minti kaɗan na ga ƙungiyar matasan da ya buga wa, Guelph Storm, na ga wasanninsa na kowace kaka, na ga cewa Buffalo Sabres ta zaɓe shi a 1994. Ni kuwa da na tsare raga a garin haihuwata, ba ni da shaida sai tabo.

Su gasar matasansu tana da kofi guda, Memorial Cup. An fara bayar da shi a 1919 don tunawa da 'yan ƙasar da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma ƙungiyar University of Toronto Schools ce ta fara ɗauka bayan ta doke ta garin Regina. Yau manyan gasannin matasa uku ne a ƙarƙashin inuwa ɗaya, ta yamma da ta Ontario da ta Quebec, na 'yan shekara 16 zuwa 20. A ƙarshen kaka zakarun ukun da ƙungiyar garin da ya karɓi baƙunci su kara, a fitar da gwani. An yi Yaƙin Duniya na Biyu ba a fasa ba. Annobar korona ce kawai ta hana a buga a 2020 da 2021. Ka tambayi wa ya fi ɗauka, za a ce maka Toronto Marlboros, sau bakwai, ba rantsuwa ba tada jijiyar wuya. Ka tambayi 1994 da 1995, za a ce Kamloops Blazers, kuma a cikin yaran da suka ci akwai Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, wanda daga baya ya zama kyaftin ɗin Calgary Flames ya ci ƙwallo 625 a NHL. Wani abin dariya ma, a 2008 kofin ya karye a hannun 'yan Spokane Chiefs suna cikin murna. Ashe kwafi ne, na ainihin yana ajiye a gidan tarihin wasan a Toronto. Mu da a ce namu ne, da shi ke nan an yi jana'izar gasar.

Kada wani ya ce ai Turawa ne, su da rubuce-rubuce. Maƙwabtanmu na Nijar suna gasar kokawa ta takobin ƙasa tun 1975, lokacin da aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Duk mai sauraron rediyo a yankinmu ya san Issaka Issaka na Dosso, ya kuma san sau shida ya ɗaga takobi, saboda ana lissafi, ana maimaita lissafin duk shekara. A nan jiharmu, kowa ya san bikin kamun kifi na Argungu daga 1934 ake ƙirga shi. A Kano akwai gasar yara ta Kofin Ramat da YSFON ke shiryawa don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammed, ta daɗe ana yi. Ka lura da wani abu: ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke ɗauke da sunan mai neman ƙuri'a.

A nan cutar take. Yawancin gasannin yara da ake sa mana a Jega da Aliero da Maiyama, da ma sauran wurare, na mutum ɗaya ne. Zaɓe ya matso, a buga jesi da hoton mai gida, a sa kofi da sunansa, a raba kuɗi a fili ana kiɗa. Ban ce kada a karɓa ba, yara sun ji daɗi, Allah ya saka. Amma ranar da ya faɗi zaɓe, ko ya ci ya tare a Abuja, gasar ta bi shi. Wanda ya gaje shi ba zai ci gaba da kofi mai sunan abokin hamayya ba, sai ya ƙirƙiro nasa, a sake cewa "karo na farko". Mun shekara nawa muna karo na farko? Kuma mu ɗalibai da muke zagin 'yan siyasa a ɗakin kwana, abin da muke yi ke nan. Kowane sabon shugabancin ƙungiya da sabon sunan gasa, da sabon kofi daga kasuwa, wanda ya ci ya tafi da shi sashensu, daga nan ya koma ɗakin kyaftin, daga nan sai labari.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa mini. "Malam, ana fama da kuɗin makaranta da ruwa da wuta, kai kana maganar littafin ƙwallo?" Gaskiya ne ana fama. Amma littafin rijista mai kauri bai kai kuɗin lemon da ake sha a zaman majalisar ɗalibai guda ɗaya ba. Ba sabon kasafi nake nema ba. Kuɗin da ake sayen sabon kofi duk shekara ma shi za a huta da kashewa.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce, mene ne amfaninsa ban da raba gardamar mai shayi? Mu duba ƙasa baki ɗaya. Ba ƙasar da ta kai Najeriya cin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17: 1985 a Sin da aka doke Jamus ta Yamma, 1993 a Japan lokacin su Kanu da Oruma, 2007 a Koriya ta Kudu, 2013 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ƙarƙashin Manu Garba, sai 2015 a Chile inda Osimhen ya ci ƙwallo goma. Sau biyar. Amma duk lokacin da muka ci sai an yi mana kallon shekaru, kuma ba a banza ba. A 1989 FIFA ta dakatar da mu shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace baƙuncin gasar 1991 da aka ba mu. A 2016, muna riƙe da kofin duniya, yara 26 suka faɗi gwajin ƙashi na tantance shekaru ana dab da wasa da Nijar, kuma Nijar ɗin ta fitar da mu. Me ya sa sai an kai ga ɗaukar hoton ƙashin hannu kafin a san shekarun yaro? Saboda ba inda aka rubuta shi yana ƙarami. Yaron da aka sa sunansa da ranar haihuwarsa a littafin gasa yana ɗan shekara 12 a Maiyama, ba zai zo bayan shekara takwas ya ce shi ɗan 16 ne ba, littafin zai ƙaryata shi. Haka kuma yaro mai gaskiya yana da abin nunawa in mai neman 'yan wasa ya zo, ba sai ya dogara da bakin kocinsa ba.

Mu ma a nan muna da irin tamu. Wa bai san 'yan haya ba? Ranar wasan kusa da na ƙarshe sai ka ga wani ƙato mai gemu a gaban sashen da kuke karawa da su, ba ka taɓa ganinsa a lakca ba, ba ka taɓa ganinsa a layin ruwa ba, a ce maka ɗan ND I ne. Ya zuba muku uku ya hau mashin ya koma cikin gari. Da akwai rijista mai suna da lambar ɗalibi da sa hannu tun kafin a fara gasa, da wannan wasan kwaikwayon ya ragu. Kuma in lokacin NIPOGA ya zo, da an zaɓi masu wakiltarmu daga abin da aka rubuta sun yi a fili, ba daga wanda ya san wani ba.

Ba kuma ina cewa duk inda aka iya ajiye tarihi an iya adalci ba. Akim Aliu, haifaffen Okene, ya shiga gasar matasan Ontario yana ɗan shekara 16. A 2005 ya ƙi yarda da wulaƙancin da manyan 'yan wasa ke yi wa sababbi a cikin motar ƙungiya, sai wani abokin wasansa ya doke shi da sanda a wajen atisaye ya zubar masa da haƙora. Daga baya ya fito ya faɗi wariyar launin fata da ya sha. Su ma da nasu ƙazantar. Sai dai ko ita ɗin an san ranarta da wurinta, shi ya sa aka iya komawa kanta bayan shekaru.

Ga abin da nake roƙon majalisar ɗalibai ta yi kafin wa'adinta ya ƙare. A tsayar da kofi guda na dindindin, kada a sa masa sunan duk wani mai rai, ko shugaban makaranta ne, ko shugaban ƙungiya, ko mai ba da gudummawa. Wanda ya ba da kuɗi a gode masa a lasifika, a sa sunansa a allon talla, amma ya bar mana kofin. Kuma don Allah kada a sayo shi a kasuwa. Muna da sashen injiniyan ƙere-ƙere, muna da bita da injina. In ba za su iya ƙera mana kofi mai gindin da za a riƙa buga sunan zakara duk shekara ba, to a ba ni aikin in kai gida, sunan garinmu ma ya isa shaida. Wanda ya ci ya ɗaga, ya yi hoto, ya zaga da shi, washegari a mayar da shi laburare. Littafin kuma ya shiga cikin kayan da daraktan wasanni mai barin gado zai miƙa wa sabo, a rubuta hakan a kundin tsarin ƙungiya yadda ba za a sallame shi ba sai ya miƙa. Kada ya tsaya a ƙwallon maza kaɗai: gudu, ƙwallon raga, wasannin 'yan uwanmu mata da ko sanarwarsu ba a cika yi ba, har langa da kokawa in an yi. Mujallar nan ma ta ware shafin ƙarshe ta riƙa buga jerin zakarun duk fitowa, yana ƙaruwa da layi ɗaya a shekara. 'Yan kimiyyar kwamfuta su ɗora a intanet, amma takardar ta zauna, don na ga abin da mutuwar waya ɗaya ta yi mana.

Mu kuma 'yan Jega da Aliero da Maiyama da ke karatu a nan, dogon hutu yana zuwa, kuma ko mun so ko mun ƙi wani zai sa wa ƙannenmu gasa. Ba sai mun jira izinin kowa ba kafin ɗayanmu ya zauna a bakin fili da biro. Ni na riga na sayi nawa littafin a kasuwar Jega. A shafin farko na rubuta wancan wasan namu, da sunayen duk waɗanda muka iya tunawa daga ɓangarorin biyu, na bar gurbin zakara ba komai. An ce alƙalin wasan yana nan da ransa, yana bin motocin albasa zuwa kudu. Na bar saƙo a gidansu in ya dawo a neme ni.