In Za A Biya Ladan Kiyaye Ƙasa, Ga Yadda Muke So

'Yan'uwa manoma, a Amurka akwai wata doka ta 1985 wadda ta sa Gwamnati tana biyan manomi kuɗi kowace shekara don ya daina noman gonar da ruwa ko iska ke zaizayewa. Sai ya shuka ciyawa ko itatuwa, ya bar ta shekara 10 zuwa 15. Wannan ba za ta yiwu a nan ba. Daga Minjibir har Bici, Dambatta da Makoda, gona manne take da gona. Ina saurar da za a bari? In magidanci ya bar 'yar gonarsa, me za a tuƙa a gidansa?

Amma maganar ta shafe mu. A 2021 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Rance ne fa, watau 'ya'yanmu za su biya. Saboda haka muna da bakin magana.

Kiyaye ƙasa ba baƙon abu ba ne a gare mu. Tun kaka da kakanni ake noma gonakin nan kowace damina ba hutu, ba su kuwa mutu ba. Da rani jakai suna jigilar taki a mangala. Muna haɗa gero da wake, harawa ta tafi wa tumaki, takinsu ya komo gona. Ga gawo, wanda yake kaɗe ganyensa da damina, ba ya tare wa hatsi rana. Ga ɗorawa, ga kuka, ga tsamiya. Ba wanda ya taɓa biyanmu ko kwabo a kan wannan.

To, in za a fara biya, a duba abin da ya faru a Maraɗi. A yunwar 1984, wani ma'aikacin SIM, Tony Rinaudo, da abokan aikinsa sun riƙa ba manoma abinci bisa sharaɗin su bar tohon kututture a gonakinsu, su sassabe shi ya zama itace. Da aka daina raba abinci, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan. Ladan ya ƙare, aikin ya ƙare. Amma waɗanda suka bar nasu suka sami itacen wuta da na sayarwa, iska kuma ta rage bizne musu shuka. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya, ba da biya ba. Haka sassabin zamani ya bazu a kan kadada wajen miliyan 5 a Nijar. Abin da ya riƙe shi shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne.

Don haka kada a biya ranar dashe. Mun sha ganin an jera dashe, manya sun zo, an ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun gama da shi. A dawo bayan rani uku a ƙirga wanda ya rayu, a biya a kansa, ko dasa shi aka yi ko toho ne aka raina. A kuma rubuta wa mai gona cewa yana da ikon sassabe shi ba tare da tsoron tara ba.

Sai hanyar da kuɗin za su bi. Rangwamen takin zamani tun 1976 ya koya mana: sau da yawa taki yakan zo bayan an yi noman farko, ko kuwa a tsince shi a kasuwa. A bar ƙungiyoyinmu na gama kai su yi ƙidayar tare da malamin gona da mai unguwa, a karanta sunaye a bainar jama'a, har da na mata masu gayauna da masu aron gona.

Kowace ƙungiya ta sayi littafi bana, ta fara rubuta itatuwan kowane memba, gona gona, tun kafin wani ya zo da nasa lissafin.